Kunnen Bakanike da Tsohuwar Fijo

Da hantsi, a bakin titin da ya taso daga Wudil ya shiga Gaya, idan ka yi sa'a za ka tarar da Fijo 504 an ɗaga mata bonet a gindin darbejiya, wani dattijon bakanike yana tsaye a kanta bai taɓa komai ba tukuna. "Alhaji, saki totur ɗin, bar ta a silo," shi ne abin da zai fara faɗa. Sai ya ɗauki dogon sukudireba ya kafa tsininsa a jikin injin, ya kara ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido. Daga nan ya matsar da shi gaba kaɗan, ya sake saurare. Kafin mai motar ya gama ba da labarin yadda ta fara shessheƙa a hanyar Ajingi, shi ya riga ya san inda ciwon yake.

Wannan sauraren shi ne tushen sana'ar. Ƙarar bawul da ya saki daban take, 'yar siririya mai saurin kaɗawa kamar keken ɗinki. Sarƙar inji idan ta miƙe, wani shuu take yi daga gaba. Wadda ake tsoro ita ce mai nauyin nan da ke fitowa daga can ƙasa, gum-gum, alamar metal ya cinye kuma inji na dab da bugawa. Direba duk ƙara ɗaya yake ji. Bakanike yana rarrabe su kamar yadda makiyayi ke gane kukan kowace saniya a garkensa cikin duhu.

Motar da ake yi wa wannan hidima tana da asali. Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 504 a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969. A 1975 masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motocin Fijo, kuma tsarin tsuke bakin aljihu na mulkin Janar Obasanjo ya mayar da 504 motar gwamnati, tun daga kwamishina har babban sakatare. Daga baya wagon ɗinta mai layin kujeru uku ta mamaye tashoshin mota, a-kori-kurarta kuma ta zama jakar 'yan kasuwar ƙauye. Faransa ta daina ƙera ta a 1983, in ban da a-kori-kurar, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta fiye da shekara ashirin bayan haka.

Turawa kuwa har a fagen tsere sun san ta. Yayarta, 404, ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka har sau huɗu, a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, kuma a ta farkon da ta ƙarshen motoci bakwai kacal suka kai ƙarshen hanya. Ita 504 ta karɓi kambun a 1975 a hannun Ove Andersson, mutumin Suwidin, sannan samfurinta mai ƙofa biyu da silinda shida ya sake ɗauka a 1978 a hannun Jean-Pierre Nicolas. Ta kuma ci gasar Bandama ta Kwaddibuwa, wadda tsananinta ya kai a 1972 ko mota ɗaya ba ta gama ba. Yau a Turai akwai ƙungiyoyin masu sha'awar irin waɗannan motoci, suna kashe dukiya wajen gyara su, su fito da su ranar hutu a yi jerin gwano, kuma tun 2003 ake shirya wata gasar Safari ta tsofaffin motoci zalla a Kenya. Ni dai ina ganin direban da ya ɗauko buhunan gero daga Toranke ko Balare cikin watan Agusta, ya ratsa yashi da kwari har ya hau kwalta, ya yi Safarin da ba a ba shi kofi ba.

Abin da ya sa motar ta jure ba asiri ba ne. Tayoyin baya ne ke tura ta, don haka kaya na ƙara mata riƙon ƙasa. Gindinta a ɗage yake, sifirin ɗinta kuma masu dogon zango ne, suna haɗiye rami. Sandar da ke kai ƙarfi baya a cikin bututun ƙarfe take, kututture da yashi ba sa taɓa ta. Amma babban dalilin shi ne an ƙera ta yadda hannu zai iya kwance ta ya mayar, babu kwamfutar da za a tambaya.

Dubi kwantak, 'yan ƙarafan nan biyu da ke buɗewa da rufewa don aika wuta ga fulogi. Tazarar da littafin kamfani ya ce a bari tsakaninsu milimita 0.4 ce. Akwai ma'aunin da ake zurawa, amma tsohon hannu yakan yagi kwalin ashana ya gwada, kuma da wuya ya kauce. Sai ya sassauta distributa ya juya ta kaɗan-kaɗan yana jin yadda injin ke amsawa, har ya tsaya a inda ba ta ƙwanƙwasa a hawa, ba ta kuma nawa a gangare. Fulogi kuwa karanta shi yake yi. Idan bakinsa ya fito ja-ja kamar ƙasar bulo, mai da iska sun daidaita. Idan baƙi ne da kunkunniya, kafireta na zubar da mai. Idan fari fat ne, inji na jin yunwa kuma zafi na tafe. Idan jiƙe yake da baƙin mai, to Alhaji ya fara tanadin kuɗin ringi.

Inda ake bambance gwani da ɗan koyo shi ne ranar da aka sauke kan inji. Silindojin 504 ba a jikin bulok aka huda su ba, hannayen riga ne guda huɗu da ake zarewa a sake, ruwan lagireto yana kewaye su. Wannan alheri ne, domin inji ya tsufa a sabunta shi ba tare da an kai shi wurin masu gurza ba. Amma akwai tarko. Da zarar an ɗauke kan, idan yaro ya juya karanshaf ba a danne hannayen ba, sai su ɗaga, abin da ya toshe gindinsu ya goce. Za a haɗa komai, mota ta tashi lafiya ƙalau, bayan kwana biyu a zaro sandar gwajin mai a ga ya koma kamar koko. Shi ya sa za ka ji maigida ya daka tsawa tun daga nesa: "Kai, kada ka kuskura ka juya min injin nan!" Haka ma ɗaure kusoshin kan, daga tsakiya ake farawa a yi waje, a zagaya fiye da sau ɗaya, domin kan na alminiyom ne, bulok ɗin kuma baƙin ƙarfe, zafi ba ya buɗa su daidai da juna.

Ba duk dabarar gareji nake yabo ba. Cire tamostat a jefar, wai ƙasarmu da zafi, ya zama al'ada, alhali da asubahin hunturu injin na daɗewa bai ɗumama ba, yana shan mai yana cin kansa. Zuba ruwan rijiya a lagireto ma yana tara tsatsa da gishiri a hankali. Ƙwararrun da na fi girmamawa su ne masu wanke matatar iska da zarar ƙurar hunturu ta sauka, ba sa jiran mota ta fara tari.

Sai maganar kayan gyara, wadda ita kanta ilimi ce. Masana tarihin Kano suna kawo ruwayar Abagayawa, maƙeran da suka ce kakansu, wani mai suna Kano, daga Gaya ya taso neman tama har ya yada zango a gindin Dala. Abin yakan ba ni murmushi, domin har yau bakaniken Gaya idan yana neman ƙarfe, sammako yake yi ya bi ta gadar Wudil ya nufi Ƙofar Ruwa, 'yar tafiya kaɗan daga Dalar. A can zai juya tsohuwar kafireta ƙirar Solex a hannunsa, ya girgiza sandar totur ya ji ko ta yi lako-lako, ya auna fistin a tafinsa ya gane na asali da jabu. Sau da yawa ya fi son tsohon da aka ciro daga wata motar a kan sabo mai sheƙi a kwali. Abin da ya gagara samu kuma a ƙera shi: a yanka gasket daga takarda mai kauri ana bin gefen da ɗan guduma, a yanko robar salansa daga tsohuwar taya.

Motocin Golf da Sharon sun karɓe tashoshi, cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma ya ƙara kwantar da duk wata mota mai kafireta. Waɗanda suka rage da 504 yanzu iri biyu ne. Akwai mai a-kori-kurar da ba shi da wata, akwai kuma wanda ya gaji ta mahaifinsa, ya rufe ta da tamfol a zaure, yana tayar da ita duk Juma'a don kada batir ya mutu, ranar hawan Sallah ya goge ta ya fito. Dukansu wurin dattijon nan suke zuwa. Shi kuma ba ya sallamar mota sai ya fita gwaji da ita, ya sa giya uku a inda kwalta ta ƙare, ya saki sitiyari na ɗan lokaci ya ga ko za ta ja gefe. Idan ya dawo ya kashe ta, yakan ɗan tsaya yana sauraren ƙarfen yana hucewa, sannan ya waiwaya ya ce da yaronsa, "Miƙo min sifana sha uku."