Mai Jera Duwatsu

Duk wanda ya tashi a Adar ya san kafin a buga ƙwallo sai an tsince duwatsu. Filin kolejinmu, a wani gari tsakanin Buza da Keita, a gindin tudu yake, kuma kowace damina ruwa kan gangaro da tsakuwa ya zube mana a tsakar fili. Da an koma lakwal a watan Oktoba, aikin farko da Mushe, malaminmu na wasanni, yake sa mu shi ne mu jeru kafaɗa da kafaɗa tun daga wannan raga har waccan, kowa da tsohon kwano a hannu, muna tafe muna tsinta. Mu a ganinmu share fili kawai muke yi. Sai da na girma na gane a nan ne yake zaɓen 'yan wasansa. Yana tsaye gefe, usur rataye a wuya, yana lura da mai riƙe layi, da mai gaggawar da ke barin 'yan'uwansa baya, da wanda kan waiwaya ya ɗauke dutsen da na kusa da shi ya tsallake. Wannan na ƙarshe, ko bai iya taɓa balo ba, shi ne mai tsaron bayanmu na wannan shekarar.

Masu kallo da yawa sun ɗauka aikin mai horas da 'yan wasa shi ne tsayawa bakin layi yana ɗaga hannu yana tsawa. Wannan ƙurar aikin ce kawai. Ainihinsa shi ne mutum ya san abin da ke hannunsa, ya san iyakar kowane yaro, sannan ya jera su yadda raunin wannan zai faɗa cikin ƙarfin wancan. Mai kuɗi yana iya sayo gwanaye. Wanda ba shi da su, dole idonsa ya yi masa aikin aljihu.

Mushe yana da wata igiyar guga da ya ƙulla wa madauki huɗu, taku goma goma tsakaninsu. Sai ya ɗaura wa 'yan bayanmu huɗu a ƙugu, ya sa sauran su kawo musu hari. Idan balo ya nufi dama, na dama ya fita ya tari mai shi, igiya ta janyo na kusa da shi, shi ma ya janyo na gaba, har na can hagu ya matso tsakiya. Wanda ya tsaya kallo, igiya ce za ta fizge shi ya sha ƙasa. Kalma ɗaya yake ta maimaitawa da harshensa na Adar: “Ku tahi tare, ku komo tare.” Wata guda ana haka kullum da la'asar. Ranar da ya kwance igiyar ya naɗe ta, sai ga yaran huɗu suna motsi kamar tana nan.

Har iska yana lissafawa. Wasanninmu a lokacin hunturu suke faɗawa, iskar gabas tana kaɗawa da ƙura. Ya gargaɗi kyaftin ɗinmu cewa idan alƙalin wasa ya jefa dala kuri'a ta faɗo mana, mu zaɓi fuskantar iska a zagayen farko, lokacin da ƙafa ke da sauran ƙarfi, mu danne, mu hana ci. Bayan hutun rabin lokaci iska za ta koma bayanmu, su kuma ga gajiya ga ƙura a ido. A nan ne mai tsaron ragarmu zai dinga dogon bugu zuwa ga wani siririn yaro ɗan makiyaya wanda ba wanda ke kamo shi a guje.

Shekarar farko ba mu ci wasa ko ɗaya ba. Na tuna dawowarmu daga Madawa a bayan motar albasa, an zura mana biyar, kowa ya yi tsit. Mushe bai yi faɗa ba. Ya fito da ɗan littafinsa, ya bi mu ɗaya ɗaya yana tambaya: “Kai, da aka ci ta ukku, ina kake tsaye?” Shekara ta biyu ba wanda ya ci mu fiye da ɗaya. A ta uku muka koma Madawa muka ci su ɗaya da nema, da wannan dogon bugun da wannan yaron.

Mutanen yankinmu ba sa buƙatar dogon bayani kan wannan dabara, domin sun gan ta a jikin tuddansu. Tun daga 1984, da aka soma babban aikin raya karkara na Keita da tallafin Italiya, mata ne akasari suka yi ta ɗaukar duwatsu a ka, suna jera su layi layi a gangaren da ruwa ya zaizaye. Dutse guda ba ya tare ruwa. Amma idan an jera su a kan daidai, ba ƙofa tsakaninsu, sai ruwan da ke gangarowa da fushi ya rage gudu, ya kwanta, ya nutse, har ciyawa ta tsiro inda dā fako ne. Bayan da aka horar da kyau haka yake yi wa hari.

Shi ya sa ranar 10 ga Oktoba 2010, da muka taru a wani gidan kallo a Madawa muna kallon Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasarmu Nijar, ta karɓi baƙuncin Masar a filin Janar Seyni Kountché na Yamai, abin da na gani bai zame mini baƙo ba. Masar ta Hassan Shehata ce, wadda ta ɗauki kofin Afirka sau uku a jere, 2006 da 2008 da 2010. Nijar kuwa ba ta taɓa zuwa gasar ba. Mai horas da Mena ɗan ƙasa ne, Harouna Doula Gabde, kuma yawancin yaransa ba a san sunayensu a wajen iyakokinmu ba. Sai dai ya san abu uku da yake da su: Kassaly Daouda a raga, baya mai tafiya tare da komowa tare, da Moussa Maazou a gaba, dogo mai gudu, wanda fili kaɗan ya ishe shi. Masarawa suka yi ta juya ƙwallo cikin zafin Yamai suna neman ƙofa, ba ƙofa. Maazou ya samu tasa damar ya jefa. Aka tashi 1-0.

Ba wannan ne karon farko da Doula ya nuna hannunsa ba. A farkon wannan shekarar, da 'yan wasan cikin gida zalla, ya fitar da Najeriya daga neman gurbin gasar CHAN: 2-0 a Yamai, sannan ya je Kano ya rufe gida aka tashi ba ci. A gasar kanta, a Sudan cikin 2011, sai da Nijar ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe, masu masaukin baƙi suka fitar da ita da bugun fenariti.

Amma lissafin da ya fi burge ni shi ne na neman gurbin kofin Afirka na 2012. Wasa shida ne. Uku na waje duk an ci Mena, kuma ba ta zura ko ƙwallo ɗaya ba: 2-0 a Afirka ta Kudu, 1-0 a Saliyo, 3-0 a Alƙahira. Uku na gida kuwa ba ta bar ko maki ɗaya ya zube ba: bayan Masar, ta ci Saliyo 3-1, ta ci Afirka ta Kudu 2-1 a watan Satumba 2011, Koffi Dan Kowa da Maazou suka jefa. Wani zai ce ai wannan rabin ƙungiya ce. Ni kuwa gani nake mutum ne da ya auna gonarsa, ya san inda ruwa ke kwanciya, ya zuba irinsa duka a nan. Tara ne makin da ƙarfinsa zai iya kaiwa, kuma tara ɗin ya kwasa ba saura.

Ranar ƙarshe, 8 ga Oktoba 2011, matasan Masar suka ci Mena uku, har wani yaro mai suna Mohamed Salah ya jefa ƙwallonsa ta farko wa ƙasarsa. A daidai lokacin, Afirka ta Kudu da Saliyo suka tashi ba ci a Nelspruit. Ƙasashe uku suka yi kunnen doki da maki tara tara. 'Yan wasan Pitso Mosimane suka shiga rawa a fili, a zatonsu bambancin ƙwallaye ne zai raba gardama. Ashe dokar gasar ta ce a duba wasannin da ukun suka yi tsakaninsu. A wannan ma'auni Nijar tana da shida, su biyun biyar biyar. A Madawa mun riga mun watse da sanyin jiki, sai ga rediyo da labari, 'yan kabu-kabu suka cika titi da oda har dare ya raba. A watan Disamba, a Akara, hukumar CAF ta naɗa Harouna Doula gwarzon mai horarwa na Afirka na 2011.

Abin da ya biyo baya har yau yana sosa mini rai. Ana gab da tafiya gasar aka kawo Bafaranshe Rolland Courbis a matsayin mai ba da shawara. Da Gabon ta ci Nijar 2-0 a wasan farko a Libreville, sai aka miƙa masa ragama, wanda ya kai mu can ya koma gefe. Sakamako bai sauya ba: Tunisiya ta ci 2-1, Maroko ta ci 1-0. A ganina kuskure ne a kwance ginin da aka yi shekara biyu ana jerawa saboda ruwan yini ɗaya.

Doula bai bar fili ba. Fiye da shekara goma bayan haka, a farkon 2023, ya sake jagorantar 'yan wasan cikin gida zuwa CHAN a Aljeriya. Suka yi canjaras ba ci da Kongo, suka ci Kamaru 1-0, suka ci Ghana 2-0. Wasa uku, ba a taɓa ragarsu ba, kuma karon farko ke nan da Nijar ta kai zagayen kusa da ƙarshe, kafin Aljeriya ta yi musu ruwan biyar a birnin Oran.

Daren wasan Ghana ina gida, na je gaida Mushe, wanda ya daɗe da yin ritaya, ido ya soma rauni. Na tarar da shi a kan tabarma a ƙofar gida, ya matso da kujera ya ɗora wayar jikansa a kai, ya kusanto da fuska. Ba ƙwallon yake bi ba. Duk sanda Ghana ta kawo hari ta gefe, sai in ga ya ɗora yatsa a ɗaya gefen allon, inda ɗan baya na can nesa yake matsowa tsakiya.

“Ranka shi daɗe, Mushe, kana gani kuwa?” na tambaye shi.

“Ina gani, ɗana,” ya ce, bai ɗago ba. “Dubi na hagu. Ya komo.”