'Yan Amshi a Kiɗan Kotso na Ƙasar Mafara da Bakura da Maradun

Duk wanda ya duba abin da aka rubuta a kan makaɗan fada na wannan yanki zai tarar an yi wa jagora adalci, an bar 'yan amshinsa a baya. Ana kawo ranar haihuwarsa da sarakunan da ya yi wa waƙa, sannan a ce "shi da yaransa", a wuce. Alhali kuwa waƙar kotso aikin taro ce, kuma mafi yawan masu karɓin nan manoma ne, ƙanne da 'ya'ya da maƙwabta, waɗanda ke gona da damina, sai kaka ta yi su saɓa kotso su bi maigida. Ba su da albashi, abin da aka samu shi ake rabawa, kuma ba su da wata makaranta in ban da zauren jagora, inda ake ta maimaita sabuwar waƙa har ta zauna a baki.

Gidan Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya isa misali. An haife shi a Ɗankadu ta ƙasar Bakura wajen shekarar 1909, ya rasu a 1991, Allah ya jiƙansa. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗin noma ne kafin ya zama makaɗin Sarkin Ƙayan Maradun. Shi kansa laƙabin nan daga ɗan amshi ya fito, domin an ce akwai wani mai suna Ƙwairo a ƙungiyar mahaifinsa, mai zaƙin murya, da aka ji muryar yaron ta yi kama da tasa sai aka riƙa ce masa Ɗanƙwairo. Wato dai sunan da ya cika ƙasar Hausa sunan mai karɓi ne. Kuma Musa ya daɗe yana amshi, da farko a bayan mahaifinsa, daga baya a bayan wansa Kurna, inda ya riƙe muƙamin Daudun Kiɗi, kafin ya ja tasa ƙungiyar.

A ganina wannan doguwar koyo ita ce ta sa waƙarsa ta bambanta. Manazarta irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun rarrabe hanyoyin amshi, kamar ƙari da tarbe da rakiya da karɓeɓeniya, kuma a bakin ƙungiyar Ɗanƙwairo za a ji su duka. Sau da yawa jagora kan ɗauko ɗan waƙa ya sake shi a tsakiya, 'yan amshi su tarbe shi su kai shi ƙarshe, wani lokaci ma su ɗora nasu zancen kafin su koma kan gindi. Mai sauraren waƙoƙin da ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello kafin 1966, ko na 'Yandoton Tsafe Aliyu, ya gwada ƙirga kalmomin da suka fito daga bakin jagora shi kaɗai, zai yi mamakin ƙarancinsu. Nauyin waƙar yana wuyan taron. Ina jin gadon kiɗan noma ne, domin a filin gayya murya ɗaya ba ta kai wa ƙarshen kunya, dole a haɗa baki.

Sai dai salon yana da nasa aibi. In kiɗa ya yi zafi, muryoyi kan hau juna har kalma ta ɓace, musamman a tsofaffin faya-fayen rediyo inda aka tara mutane da kotsanninsu a gaban makirufo guda. Wanda bai saba da Hausar Zamfara ba sai ya tafi da daɗin sauti ya bar ma'ana.

Sa'idu Faru, makaɗin Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo tun zamansa a Talata Mafara, ya bi wata hanya dabam. Shi mai son zance ne, yakan shimfiɗa magana mai tsawo da habaici da zambo, 'yan amshinsa su riƙe masa gindi daram, su ba shi fili. Kalma ta fi fita a wurinsa, amma armashin taro ya fi yawa a wurin Ɗanƙwairo. Kafin su duka akwai Ibrahim Gurso a fadar Mafara, wanda dattawa ke ambata da girmamawa.

Inda abin ya shafi malaman makaranta shi ne wajen koyarwa. Ana rubuta waƙar a allo, a sa amshi sau ɗaya a sama, sauran a jera su kamar rubutacciyar waƙa, ɗalibi ya tashi bai san wa ya faɗi me ba. Gara a raba aji, ɗaya ya ja, sauran su tarbe, bayan an saurari asalin faifan. Haka kuma yana da kyau malaman Bakura da Maradun su nemi tsofaffin da suka yi amshi, ko 'ya'yansu, su rubuta sunayensu da garuruwansu da muƙamin kowa a ƙungiya. Gayyar da ke renon irin waɗannan muryoyi ta ja baya tun bayan da madatsar ruwa ta Bakolori ta sauya tsarin gonakin yankin a ƙarshen shekarun 1970, rashin tsaro na shekarun baya-bayan nan kuma ya ƙara watsa ƙauyukan da waɗannan mutane suke zaune.