Yauri ko Yawuri? Tsokaci a Kan Jerin Littattafan Laburaren Jami'a

Ɗalibin da ya shiga laburaren jami'a neman tarihin Yauri yakan yi tuntuɓe tun daga sunan. A 1930 P. G. Harris ya rubuta "Yauri", amma a 1968 Mahdi Adamu ya rubuta "Yawuri" a kundinsa na Jami'ar Ahmadu Bello. Haka nan mazauna tsibiran Kwara da madatsar Kainji ta tayar, wasu marubuta kan kira su Gungawa, wasu Reshe. In jerin littattafai bai haɗa waɗannan sunaye ba, sai ɗalibi ya zaci fagen fili ne, malaminsa kuma ya amince. A ganinmu, haɗa su wajibin ma'aikacin laburare ne, domin littafin da ba a gano ba, da shi da babu duk ɗaya.