Tafinta Ba Aku Ba Ne: Nazarin Fassarar Wa'azi a Majami'un Sabon Garin Sakkwato

Kwanan baya wani matashin fasto ya faɗa a gabana wai tafinta ɓata lokaci ne. Hujjarsa ita ce wa'azin minti 30 yakan koma awa guda, kuma tafinta aku ne, abin da ya ji yake maimaitawa. Shawararsa a raba sujada biyu, ta Turanci da sassafe, ta Hausa da hantsi, kowa ya kama gabansa. Na yi shiru don darajar rigarsa, amma maganar ta tsaya mini a rai. Cikin masu hidimar da ba a buga hotonsu a kalanda, irin su katikis, malamar makarantar Lahadi, 'yan Zumuntar Mata da mai buga ƙararrawa, babu wanda aka raina kamar tafinta, alhali da bakinsa bishara ta shigo ƙasar Hausa.

Tarihin ba mai tsawo ba ne. A 1855 Heinrich Barth ya tafi Ingila da wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu. Daga bakinsa ɗan mishan J. F. Schön ya kwashi yawancin Hausar da ya zuba a littattafansa, har da Magana Hausa na 1885. Sunan Schön ne a bango. Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zo Kano a 1900 aka sallame shi, daga baya ya zauna a Zariya, kuma Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. A nan Sakkwato, ƙofar da aka buɗe wa mishan ɗin SIM a ƙarshen shekarun 1930 ita ce asibitin kutare na Amanawa. Limaman Dominikan 'yan Amurka kuwa sun karɓi yankin a 1953, ya zama dayosis a 1964. Duk waɗannan baƙi da aron baki suka fara. Baƙo ko da ido makaho ne, sai an ja masa sanda.

Sabon Gari ya gaji wannan buƙata. A benci guda za ka ga ɗan kasuwa Ibo, da tela Bayarabe, da tsohon soja mutumin Zuru, da ma'aikaciyar jinya daga kudancin Kaduna. Wasu Turanci ne ya haɗa su, wasu Hausa. In aka bi shawarar faston nan, sun zama ikkilisiya biyu masu haya a ɗaki ɗaya.

To, mu dubi aikin kansa. Abin da na fi so a lura da shi shi ne yadda gwani yake karɓar jimla. Mai wa'azi ba ya ba shi magana cikakkiya. Yakan yanke ta a tsakiya, ya ɗaga hannu, ya jira. Tafinta bai san inda za a sauka ba, amma dole ya yi magana yanzu. Sabon shiga yakan ƙarasa jimlar da kansa, sai mai wa'azi ya bi wata hanya, a bar shi yana kame-kame. Gwani kuwa yana da ƙananan ƙugiyoyi da yake rataye magana a kansu: "wato dai", "shi kuwa mutumin nan", "ko da ya duba". Da su yake riƙe numfashin jama'a ba tare da ya yi alkawarin abin da ba a faɗa ba. Idan rabin na biyu ya zo, sai ya ɗaure shi da na farko, mai sauraro ya ji jimla guda lafiyayya. Wannan ba aikin aku ba ne, aikin masaƙi ne da ake miƙa wa zare guntu-guntu.

Sai kuma sauya misali. Mai wa'azi daga kudu ya kawo zancen sabuwar doya da mai hawan kwakwa. Tafinta ya san tsohuwar da ke layin baya ba ta taɓa ganin an hau kwakwa ba. Cikin ƙiftawar ido doya ta koma gero, ma'ajiyarta ta koma rumbu, lokacin kuma ya zama kaka. Masu tsaurin ra'ayi suna cewa wannan cin amana ne. Ban yarda ba. Amanar da aka ba shi ita ce ma'ana ta isa kunne, ba doya ta isa Sakkwato ba. Inda amana take da gaske shi ne nassi. Gwani ba ya fassara aya da ka. Yakan buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa ya karanta yadda take, sannan ya koma bakinsa. Wanda ya san bambancin nan shi ne tafinta.

Akwai kuma awon kalma. Wannan birnin Shehu ne, lasifika kuwa ba ta san katanga ba. Kalmomin da tafinta yake aiki da su, Allah, annabi, zunubi, tuba, gafara, aljanna, duk na maƙwabcinsa Musulmi ne ma. Idan baƙon mai wa'azi ya yi zafi ya saki kalma mai kaifi, tafinta ne yake rage mata kaifi ba tare da ya zubar da gaskiyar da ke ciki ba. Har karin harshe yake aunawa. Da 'yan Zuru da 'yan Filato yakan yi Hausa sassauƙa, amma in ya hango mutanen ƙauye sai ka ji "munka" da "sunka" da "wanga" sun shigo, fuskoki su saki. Duk da haka yana tsaye taki ɗaya a bayan mai wa'azi, muryarsa ba ta haura tasa ba, in ya ce "ni" ba kansa yake nufi ba.

Abin mamaki, wannan gari ya fi ko'ina sanin darajar fassara. A wurin tafsirin azumi mutum biyu ne suke zama, mai jan baƙi da mai fassara, kuma mai fassarar shi ne babban malami, shi jama'a suka zo saurare. A coci sai aka juya abin: mai kawo saƙo ya zama babba, mai mayar da shi harshen jama'a ya zama yaro. Ina jin tabon tafintan zamanin Turawa ne ya bi shi, wanda ake zargi da cin tsakani a gaban joji.

Ra'ayina, wanda na daɗe a kansa, shi ne Hausar coci tafintoci ne suka gina ta. Kwamitin fassara yana zaɓen kalma sau ɗaya a takarda, tafinta kuwa yana gwada ta kowace Lahadi a gaban mutane. Wadda aka gyaɗa wa kai ta zauna, wadda aka yi wa shiru ta mutu. Haka "alheri" da "ceto" da "zumunta" da "baiko" suka sami nauyin da suke da shi a bakinmu yau. Turawan mishan sun tafi, ikkilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta tun 1954, amma mutumin da ke tsaye a gefen bagade bai tafi ba.

Don haka ina roƙon dattawan ikkilisiya su daina damƙa wa duk wanda ya ji Turanci wannan aiki da safiyar Lahadi. A ba tafinta nassi da kan magana tun ranar Juma'a. Makarantun Littafi Mai Tsarki su koyar da tafinta kamar yadda suke koyar da wa'azi. In an ba baƙon mai wa'azi kuɗin mota, a tuna da wanda ya ara masa baki.