Idon da ke karanta tafiya

Ƙwararren likita yakan fara aiki tun kafin maras lafiya ya zauna. A asibitocin Kakuri, Gwamna Awan ko St. Gerard's, inda tsofaffin ma'aikatan masaƙa ke zuwa awon jini, dattijo zai shigo da kukan karkarwar hannu. Kafin a gama gaisawa, likitan ya ga yadda yake ɗaga ƙafa, ya ga ko hannayensa na lilo.

"Baba, taɓa hancinka, sannan ka taɓa yatsana."

Ka ce wasa ne, alhali cututtuka ake rarrabewa. In hannun na karkarwa yana ajiye a cinya, ya lafa da an miƙa shi, hankali sai ya koma kan cutar Parkinson. In sai ya ɗauki kofin shayi karkarwar ke tasowa, wannan wata ce daban, kuma propranolol, maganin zuciya da hawan jini da James Black ya haɗa a farkon shekarun 1960, yana kwantar da ita. In kuwa yatsan na kauce wa hanci, karkarwar na ƙaruwa yana kusantarsa, mutumin na tangaɗi kamar mai maye, to matsalar na ƙeya, a sashen ƙwaƙwalwar da ke daidaita motsi.

Tambayar da na fi ganin girmanta ita ce ta gaba: "Wane magani kake sha?" Reserpine, da aka tace daga saiwar Rauwolfia a 1952, yana sauke jini, amma yana iya sandarar da jiki. A 1957, shekarar da masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri, Arvid Carlsson na Suwidin ya ba zomaye reserpine suka kwanta ba motsi, ya ba su L-dopa suka miƙe. Nan aka kamo bakin zaren aikin dopamine a ƙwaƙwalwa. Methyldopa ma, wanda ake ba masu juna biyu, yakan sandarar da jiki jefi-jefi. Likitan da ya san wannan yakan fara da sauya magani, ba ya gaggawar ɗora wa mutum sunan cutar da ba shi da ita.

Masu bincike sun kuma yi fatan wani maganin hawan jini, isradipine, zai rage gudun Parkinson. Aka bi mutum 336 shekara uku a Amurka da Kanada, ana auna su da irin wannan gwaji na ido da hannu. Sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna bai rage ba.