Kunamun Khartum da Maƙwabtansu

Garin Kamlin yana bakin Shuɗin Nilu, a kan hanyar da ta tashi daga Khartum zuwa Wad Madani. A wannan yanki na Jazira, har zuwa Sennar da Maiurno, akwai ƙauyukan Hausawa da Fulani, waɗanda mutanen Sudan suke kira Fallata. Kakannin waɗansu hanyar Makka ce ta kawo su. Waɗansu sun zo bayan yaƙin Burmi na 1903, waɗansu kuma aikin auduga ne ya riƙe su bayan an gama madatsar ruwa ta Sennar a 1925. Manoma ne da 'yan ƙodago, ba su saba shiga gidajen rawa na babban birni ba. Duk da haka kiɗan birnin ya iske su har gida, gama tun 1940 aka buɗe gidan rediyon Omdurman. Wani ɓangare na wannan kiɗa ne za a auna a nan, watau aikin wata ƙungiyar makaɗa mai suna Al-Aƙarib, ma'ana Kunamu, tare da na maƙwabtanta.

Kafin a kai gare su, yana da kyau a ɗan leƙa ƙasashen Turawa. Wajen 1976 wani irin kiɗa ya ɓullo a New York da Landan, ana ce da shi punk. Samari ne marasa kuɗi, da jita da ganga, suna buga gajerun waƙoƙi da sauri da ƙara, suna faɗin abin da ya dame su ba kunya. Ƙungiyar Ramones ta fitar da faifanta na fari a 1976, Sex Pistols kuma a 1977. Amma wanda ya bi labarinsu a hankali zai ga ba wadda ta tsiro ita kaɗai. A New York wani ƙaramin kulob ne mai suna CBGB ya tara Ramones da Television da Blondie da Talking Heads, suna kallon juna, suna koyo daga juna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar makaɗa 'yar birninta ce, in kuwa ana so a san ta, sai a tambayi wurin da take kiɗa, da waɗanda take zama da su.

Wanda ya je Khartum da wannan tambaya, mafi kusa da abin da zai samu su ne ƙungiyoyin da mutanen Sudan suke kira 'yan jaz. Sunan yana ruɗarwa, domin ba jaz irin na Amurka suke yi ba. A bakin mutanen Khartum, duk ƙungiyar da ta ɗauki jitar lantarki da gangunan Turawa da kakaki, 'yar jaz ce. Kunamu suna cikin na farkon waɗannan, tun daga shekarun 1960. Kada mai karatu ya haɗa su da wata ƙungiyar Jamus mai suna Scorpions, suna ne kawai ya zo ɗaya. Cikin sanannun mutanensu akwai Amir Sax, wanda ya sami laƙabinsa daga saksofon da yake busawa, da mawaƙi Saif Abu Bakr.

Kafin zamaninsu, kiɗan birnin shi ne wanda ake kira haƙiba, waƙoƙin Omdurman na shekarun 1920 zuwa 1940, mawaƙi da 'yan amshi da ɗan bandiri. Muryoyi biyar ne ginshiƙinsa, shi ya sa bai yi kama da kiɗan Masar ba, shi ya sa kuma kunnen mutumin Habasha ko Chadi ko arewacin Nijeriya yake saurin karɓarsa. A nan ne Fallata suka sa hannu. Aisha al-Falatiya, 'yar wani malami mai asali daga ƙasar Hausa, ta fara waƙa a gidajen biki ba da son mahaifinta ba. A 1942 ta rera waƙa a rediyon Omdurman, ita ce mace ta fari da ta yi haka, 'yar'uwarta Jidawiyya tana kaɗa mata ud, molon Larabawa. Ta rasu a 1974. Sunan da aka san ta da shi, sunan da ake yi wa baƙi ne, sau da yawa da reni. Ga shi kuwa ita ce ta buɗe ƙofar da matan Sudan suka bi.

Maƙwabci na biyu shi ne Sharhabil Ahmed, wanda aka haifa a Omdurman a 1935, ake kuma kiransa sarkin jaz na Sudan. Mai zane ne, ya yi karatu a kwalejin zane ta Khartum, ya kuma daɗe yana yi wa yara zane a mujallar Al-Sibyan. Ya ɗauki muryoyi biyar ɗin nan na gida ya ɗora su a kan jitar lantarki. Matarsa Zakia Abul Gasim ta buga jita a ƙungiyarsa, ita ake ƙidaya mace ta fari da ta yi sana'ar jita a Sudan. Ita kanta jitar, 'yan kudancin Sudan sun riga 'yan arewa sabawa da ita, ta kudu kuma salon Kwango ya gangaro Khartum. Yarjejeniyar Addis Ababa ta 1972 ta tsai da yaƙin kudu da arewa har shekara 11, a cikin waɗannan shekaru kuwa 'yan jaz suka fi samun kasuwa a otal-otal da kulob-kulob da gidajen biki.

Abin da ya rage na Kunamu wanda za a iya sa wa a kunne shi ne faifai mai suna Jazz, Jazz, Jazz, wanda aka ɗauka a Kuwaiti a 1980. Waƙa goma ne, waɗansu da murya, waɗansu kiɗa zalla. Abu na fari da mai sauraro zai lura da shi shi ne yadda ba wanda ya danne wani. Ganga tana riƙe da tafiya, ogan yana cika tsakiya, jita tana yanka gajere-gajere, sa'an nan kakaki su amsa tare kamar 'yan amshi. Wanda ya taɓa koya wa ƙungiyar mawaƙa waƙa ya san wannan ba ya samuwa a rana ɗaya. Aikin mutanen da suka yi shekaru suna kiɗa tare ne, har kowa ya san inda ɗan'uwansa zai numfasa.

Abu na biyu shi ne sunayen kiɗe-kiɗen. Akwai wanda aka sa wa sunan sira, watau rakiyar ango a bikin Sudan. Akwai mai sunan Shaikan, wurin da mayaƙan Mahadi suka ci rundunar Hicks Pasha a 1883. Akwai mai sunan Azza, sunan mace da mawaƙan kishin ƙasa suke kiran Sudan da shi. Masu zargin irin waɗannan samari sukan ce sun zubar da nasu sun ɗauki na Turawa. Faifan ya ba su amsa. Kayan kiɗan na waje ne, amma tafiyar ta gida ce, a wani wuri kuma sai a ji jitar ta juya irin ta Kwango. Mutumin Jazira da ya taɓa bin ango da rawa zai gane takun ƙafarsa a ciki.

Amma yabon gwani ya zama dole ne kawai in an faɗi inda ya gaza. Kiɗan Kunamu ya fi maganarsu nauyi. Yawancin waƙoƙin na ƙauna ne da murna da biki, ba laifi, sai dai ba su taɓa wahalar talaka ba. Kiɗa ne na masu albashi da ɗalibai, wanda ake yi a inda mai tsinkar auduga na Jazira ba zai iya biyan kuɗin shiga ba. A nan suka rabu da 'yan punk. Waɗancan ba su iya kiɗa sosai ba amma suna da abin faɗi, Kunamu kuwa gwanaye ne da suka zaɓi su faranta wa mutane rai.

Wanda ya cike wannan giɓi shi ne wani maƙwabcinsu, Kamal Keila, wanda ake kwatanta shi da James Brown da Fela Kuti. A Sudan ta wancan lokaci gidan rediyo ne yake ɗaukar waƙoƙin mawaƙa, shi yake kuma riƙe da tef ɗin. Keila ya sami naɗi biyu na nasa ya ajiye a gida, ɗaya na waƙoƙin Larabci, ɗaya na Turanci. A cikin na Turancin akwai wadda ya sa wa suna Muslims and Christians, yana roƙon Musulmi da Kirista na ƙasa ɗaya su daina kashe juna. An ɗauki wannan aiki a 1992, lokacin da yaƙin kudu yake kan ci, gwamnati kuma tana kiransa jihadi. Turancinsa mai sauƙi ne, yana maimaita magana ɗaya sau da yawa, wani ma zai ce waƙar ba ta da zurfi. Amma a wannan shekara, a wannan birni, faɗin wannan magana mai sauƙi yana bukatar zuciya. In akwai wanda ya gāji halin 'yan punk a Khartum, shi ne.

Yadda abin ya mutu ma darasi ne. A watan Satumba na 1983 Shugaba Ja'afar Numeiri ya kafa dokokin shari'a, aka zubar da giya a Kogin Nilu, aka rufe gidajen rawa. Ba mai hankalin da zai yi kukan giya, gama ta rushe gidaje da yawa. Sai dai tare da ita aka rufe wuraren da ɗan kudu da ɗan arewa da Bahabashe suke tsayawa a dandali ɗaya. A wannan shekara kuma yaƙi ya sāke tashi. Bayan juyin mulkin Umar al-Bashir a 1989 aka ƙara matsa wa mawaƙa, Muhammad Wardi ya yi zaman gudun hijira a Alkahira, a 1994 kuma wani mai tsattsauran ra'ayi ya kashe mawaƙi Khojali Usman da wuƙa a Omdurman. Yaƙin ya ƙare a 2005, kudu ta balle a 2011.

Shekaru suka wuce, faifan Kunamu ya zama abin nema a wurin masu tara tsofaffin faya-fayai. A 2018 wani kamfani na birnin Balin a Jamus, Habibi Funk, ya sāke buga shi, ya kuma fitar da waƙoƙin Keila a wannan shekara. Na Sharhabil ya biyo baya a 2020. Keila ya rasu a 2021, ya dai ga aikinsa ya fita duniya. A ranar 15 ga Afrilu 2023 sabon yaƙi ya ɓarke a Khartum, gidan rediyon Omdurman da taskarsa suka faɗa tsakiyar fagen fama. A Disamba na wannan shekara yaƙin ya kai Wad Madani da ƙauyukan Jazira, mutane masu yawa suka bar gidajensu.

Saboda haka waɗannan faya-fayai uku sun fi ƙarfin abin nishaɗi. Shaida ne cewa an yi wani lokaci da 'yar Fallata, da ɗan Omdurman, da jitar kudu suka haɗu suka yi abu ɗaya mai daɗi. Wanda yake neman magana mai ratsa zuciya, yă fara da Keila. Wanda yake so ya ji yadda mutane da yawa suke zama baki ɗaya ba tare da wani ya danne wani ba, yă saurari Kunamu, yă kuma tuna da maƙwabtan da suka sa kiɗan ya yiwu.