Tsohuwar Murya a Dandali: Da Wane Ma'auni Za a Auna Ta?

Ina ɗan aji biyar a sakandare na fara ganin yadda murya take yaudarar mai ita a bainar jama'a. An gama girbin shinkafa a fadamun da ke kewaye da Jahun, hunturu ya shigo, ga bukukuwan aure ta ko'ina. A wani ƙauye da ke kusa da mu aka gayyato wani tsohon mawaƙin kalangu, wanda iyayenmu suka ce a zamaninsa ana jiyo shi daga ƙetaren ruwa ba tare da lasifika ba. Ya zauna a kan tabarma, makaɗansa uku a bayansa, aka ɗauki kiɗa. Da ya iso wata gaɓa inda ya saba ɗaga murya ya ja ta, sai ta tsinke masa a tsakiya, wani siririn sauti ya fito kamar na ɗan tsako. Samari suka fashe da dariya, har da ni. Kawuna da ke gefe ya dube ni ya ce, "Kai yaro, kunnenka yana kan maƙogwaronsa, shi ya sa ba ka ji abin da ya faɗa ba." Gaskiya ya faɗa, ban ji ba. Ashe a cikin wannan ɗan waƙar da ya tsinke, tsohon ya jero kakannin ango har guda biyar, ya faɗi gonar kowannensu da sana'arsa, abin da ko ango bai sani ba. Kafin a jima aka kunna janareta, aka sa waƙoƙin zamani, tsohon ya naɗe tabarmarsa.

Tun daga wannan dare tambaya ɗaya take bi na: idan mawaƙi ya tsufa, muryarsa ta ja da baya, ya dace ya ci gaba da fitowa dandali? Kuma mu masu nazari, da wane ma'auni za mu auna abin da ya rera?

Da farko ya kamata a yarda da abin da ba ya musantuwa. Murya gaɓa ce ta jiki, tana tsufa kamar gwiwa da ido. Tantanin da ke kaɗawa a cikin maƙogwaro yana sirancewa, yana rasa laushinsa, huhu yana rage ƙarfin tura iska, kunne kuma yana yin nauyi har mawaƙi ya kasa jin kansa sosai a cikin kiɗa. Abin da ke fara tafiya shi ne ƙololuwar murya da dogon numfashi. Ga mawaƙin Hausa wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin harshenmu mai karin sauti ne, hawa da saukar murya suna bambanta ma'anar kalma, kuma kalangu da kotso suna bin wannan hawa da saukar sau da ƙafa. Idan tazarar da ke tsakanin sama da ƙasa ta ƙuntata a bakin mawaƙi, makaɗi ne zai fara sani, sannan mai sauraro.

Matsalar ba tamu ba ce mu kaɗai. A ƙasashen Turai da Amurka, mawaƙan kiɗan rok mai ƙarfi, waɗanda suka gina sunansu a kan ƙaraji da tsalle a dandali tun shekarun 1970, sun isa wannan mararraba. Steven Tyler na ƙungiyar Aerosmith ya ji rauni a maƙogwaro, a 2024 ƙungiyar ta sanar da daina yawon wasa. Da Led Zeppelin suka sake haɗuwa a Landan a 2007, sai da aka sassauto da wasu waƙoƙin domin su dace da muryar Robert Plant ta lokacin, daga nan kuma ya ƙi yarda a mayar da abin yawon duniya. Ozzy Osbourne na Black Sabbath ya yi wasansa na ƙarshe a Birmingham ta Ingila ranar 5 ga Yulin 2025, a zaune kan kujera saboda cutar da ta hana shi tsayuwa, ya rasu ranar 22 ga watan yana da shekara 76. Mutum uku, hanya uku: wani ya ajiye, wani ya sauya, wani ya rera har bakin kabari. Na kawo su ne domin a ga cewa waƙar da aka kafa a kan ƙarfin jiki tana tsananta wa mai ita idan ƙarfi ya ƙare. Waƙar baka ta Hausa tana da wata rahama da wannan ba ta da ita, kuma rahamar tana cikin tsarinta.

Masu nazarin waƙar baka, musamman Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, sun koya mana mu rarrabe gindin waƙa da ɗiyanta, mu kuma lura da yadda jagora yake raba aiki da 'yan amshinsa. Idan aka ɗauki wannan darasi aka duba tsufa da shi, za a ga manyan mawaƙanmu ba nauyi iri ɗaya suka ɗora wa maƙogwaronsu ba.

A ɗauki Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991. Shi kansa laƙabinsa daga zaƙin murya ya samo asali, don haka idan akwai wanda tsufa zai yi wa fashi, shi ne. Amma tsarin ƙungiyarsa garkuwa ne. Jagora yakan fara layi, 'yan amshi su karɓe su ƙarasa, su yi ƙari, su mayar masa, ya sake ɗorawa. Waƙar tana tafiya ne a kan muryoyi da yawa, kamar jirgin ruwa da ake tuƙawa da filafilai biyar. Tsohon jagora a irin wannan tsari yana iya rage yawan abin da yake furtawa ba tare da waƙar ta rame ba, domin aikinsa na gaske shi ne buɗe ƙofar kowane ɗa da nuna inda za a dosa. Wannan aiki na ƙwaƙwalwa ne, kuma ƙwaƙwalwar mawaƙin fada takan ƙara cika da shekaru.

Alhaji Mamman Shata Katsina nauyinsa ya fi haka. A mafi yawan waƙoƙinsa 'yan amshi gindi kawai suke maimaitawa, ɗiyan waƙa duka a wuyansa suke, kuma da yawa nan take yake ƙirƙirar su. Duk da haka maimaita gindin nan yana ba shi sararin numfashi da na tunani tsakanin ɗa da ɗa. Wanda ya jera faya-fayansa na farko da kaset-kaset ɗinsa na ƙarshen rayuwa zai ji bambanci. A kunnena muryar baya ta fi kauri da gurnani, ta rage gudu, ɗiyan sun gajarta. Sai dai abin da ya sa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, ya kuma sa Ɗandatti Abdulƙadir ya yi nazarin digirinsa na uku a kansa, ba tsayin murya ba ne. Azanci ne, da iya ajiye kalma a inda ta dace da bugun kalangu, da habaicin da yake sa taro ya yi tsit sannan ya ruɗe. Waɗannan ba sa zaune a maƙogwaro. Shata ya rasu ranar 18 ga Yunin 1999 bayan jinya, aka binne shi a Daura, kuma har yau ban ji wanda ya san waƙa ya ce shekarunsa na ƙarshe sun rage masa daraja ba.

Wanda tsufa ya fi tsananta wa shi ne mawaƙi kaɗaitacce. Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi ne jagora, shi ne makaɗi, ba shi da kowa sai kuntiginsa. Haka namu na gida, Haruna Uji na Haɗejiya, da gurminsa. Mai irin wannan waƙa ba shi da bangon jingina: idan numfashi ya yanke, babu ɗan amshin da zai rufe gurbin, sai dai ya tsawaita kiɗa ya jira ƙirjinsa. A nan ne ake gane gwani. Gwani yakan sassauto da waƙar, ya mayar da rabinta kamar zance, ya bar tsirkiya ta faɗi abin da maƙogwaro ya gaza. Wanda bai kai ba yakan dage sai ya taɓo inda yake taɓowa yana ɗan talatin, ya faɗo a gaban jama'a. Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, kuma babu kiɗan da ya kai jikin mutum sauyawa.

Akwai wani abokin gaba da mawaƙan da can ba su sani ba. Kafin zuwan faifai da rediyo, tsohon mawaƙi yana gasa ne da tunanin mutane, shi kuwa tunani yana da tausayi, yana dusashewa tare da muryar. Tun da gidajen rediyon Kaduna da Kano suka fara naɗar waƙoƙi, kaset ya biyo baya, yanzu kuma ga waya a aljihun kowane yaro, sai ya zama tsoho yana gasa da kansa na ƙuruciya. Saurayin da ya yi dariya a wurin biki ba ya kwatanta tsohon da wani mawaƙi. Yana kwatanta shi ne da shi kansa na shekara arba'in da suka wuce, wanda ba ya tari, ba ya gajiya, ana mayar da shi baya sau goma. Wannan gasa babu ɗan Adam ɗin da zai ci ta. Kuskuren da mu ɗaliban adabi muke yi shi ne mu ɗauki abin da aka naɗa a matsayin ainihin waƙar, sauran rerawa kuma kwafi ne da ake auna kusancinsa da asali. Waƙar baka ba haka take ba. Kowace rerawa haihuwa ce sabuwa, da taronta, da lokacinta, da wanda ake yi dominsa. Rerawar tsoho a bikin jikan ubangidansa wata waƙa ce daban, a auna ta da abin da ta zo yi.

Kada kuma a manta da ciki. Da yawa daga cikin tsofaffin mawaƙan da ke zagaya bukukuwa a ƙauyukanmu ba son tafi ne ya fito da su ba. Mawaƙin baka ba shi da fansho. Kaset ɗinsa an kwafa an sayar a kasuwanni shekara da shekaru, yanzu ana tura waƙarsa daga waya zuwa waya, ba ya ganin ko sisi. Iyayen gidan da suke ba shi doki da riga da hatsi sun riga mu gidan gaskiya, magadansu kuma kunnensu ya koma wani wuri. Mai cewa tsoho ya je ya huta, ya fara faɗin wanda zai auna masa gero. Al'ummar da ta sha muryar mutum kyauta tun tana ɗanya ba ta da bakin yi masa dariya idan ta bushe.

Wannan ba ya nufin duk tsohon da ya riƙe makirufo ya cancanci yabo. Tausayi ba nazari ba ne, kuma yabon ƙarya wani nau'in raini ne. Ina ganin tambayoyi uku sun isa a yanke hukunci. Ta farko: har yanzu shi ke jan ragamar waƙar, ko makaɗa da 'yan amshi ne suke ɗauke da shi kamar amaryar da ake kaiwa ɗaki? Ta biyu: ya gyara waƙar ta yi daidai da muryar da yake da ita yau, ko yana bin wadda ta tafi? Ta uku, wadda ta fi muhimmanci: yana faɗin wani abin da wannan taro bai taɓa ji ba, ko ya zama kaset mai numfashi? Wanda ya tsallake waɗannan yana kan aikinsa, ko da muryarsa ta koma kamar ta tsohuwar ƙofa. Wanda ya faɗi duka ukun, musamman idan wasu ne suke jawo shi dandali don abin da za a liƙa, to mutuncinsa ya fi dacewa da zaure, inda yara za su zo su ɗauki karatu, a naɗi abin da ke kansa na tarihi da salsalar gidaje kafin ya tafi da shi.

Idan aka yi amfani da wannan ma'auni za a ga wani abin mamaki. A yawancin bukukuwan yau mawaƙin zamani yakan zo da waƙar da aka gyara a situdiyo, na'ura ta daidaita duk wata karkata, a kunna ta, shi kuma ya riƙa motsa baki yana rawa. Muryar tana fita tas, babu inda za ta tsinke, domin babu wanda yake rera ta a wannan lokacin. Wannan saurayi ya faɗi tambaya ta farko da ta uku tun yana da ƙarfinsa. Ba na ƙin waƙar zamani, ina da waɗanda nake so a cikinta. Amma taron da ya saba da muryar da ba ta kuskure zai manta yadda ake sauraron mutum, kuma waƙar baka ba ta rayuwa sai da masu sauraron mutum.

Tsohon nan na ƙauyenmu ya rasu shekaru kaɗan bayan wancan biki. Da na shiga jami'a aka ba mu aikin tattara waƙoƙin yankinmu, na koma neman abin da ya bari. Na samu kaset biyu na ƙuruciyarsa a wurin wani mai gyaran rediyo, muryar nan garau, yadda iyayenmu suka faɗa. Rerawar daren nan kuwa, wadda ya jero kakanni biyar da gonakinsu, babu wanda ya naɗa, ango ma da na tambaye shi guda uku kawai ya iya tunawa. Da na auna ta da tambayoyina uku sai na ga ta tsallake ta farko da ta uku, ta yi tuntuɓe a ta biyu sau ɗaya tak, a gaɓa ɗaya. Wannan gaɓar ita kaɗai na ji a daren, kuma ita na yi wa dariya.